Kalmar da ta Gagare Ni Fassarawa a Mararrabar Diko

Wata rana bayan an tashi tara, wani ɗalibina ya tare ni a bakin aji da littafin Ingilishi a hannu. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma, ya ce, "Malam, don Allah mene ne wannan da Hausa?" Na duba, sai na ga an rubuta cacophony. Ina sauri, ga alli a hannu, ga wani aji yana jirana, sai na ce masa, "Hayaniya ke nan, ko ƙara." Ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo fuska a murtuke. Ashe an ba su aikin gina jimla da kalmar, shi kuwa ya rubuta cewa janaretan gidansu yana yin cacophony da dare. Malamar Ingilishi ta soke jimlar da jan biro. Yaron ya ce, "Malam, ai kai ka ce ƙara ce."

Gaskiyarsa. Laifin nawa ne, ba nasa ba. Na yi abin da nake hana ɗalibaina yi kullum, wato ɗaukar kalma ɗaya daga wani harshe a dangwala mata kalma ɗaya daga wani, kamar mai musayar kuɗi a kasuwa. Tun daga ranar nake juya wannan kalma a raina, kuma ta kai ni inda ban zata ba.

Mu fara da asalinta. Turawan Ingila ba su suka ƙirƙire ta ba. Ta samo tushe ne daga harshen Girka, inda aka haɗa kalmomi biyu: kakos, ma'ana mummuna, da phone, ma'ana sauti ko murya. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17. Wannan kalma ta biyu ita ce dai ke ƙarshen sunan tarho da na makirufo a Ingilishi, don haka ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Wajen furta ta, a gaɓa ta biyu ake danna murya, kuma haruffan p da h idan sun haɗu a cikinta sautin f suke bayarwa. Tana da kishiya, euphony, wato sauti mai daɗin ji.

Idan aka tsaya a asali kawai, sai a ce ma'anarta "mummunan sauti", a wuce. Amma masu harshen ba haka kawai suke amfani da ita ba. Kafin su kira abu da wannan suna, galibi sai ya kasance sautukan suna da yawa, kuma ba su jitu da juna ba, kowanne yana jan nasa gefe, har kunne ya rasa wanda zai bi. Janareta ɗaya, komai ƙarfin rurinsa, ƙara yake yi. Taron 'yan kallon ƙwallo da suka haɗa baki suna rera abu ɗaya, ko da za a ji su daga Madalla, ba su shiga wannan layi ba, domin muryoyinsu sun daidaita. Abin da ke zuciyar kalmar shi ne karo, wato sauti ya ci karo da sauti.

Wanda yake son ya ji ma'anarta da kunnensa, ba sai ya buɗe ƙamus ba. Ya zo ya tsaya a mararrabar Diko ranar kasuwa, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tireloli da tankokin mai suna danna oda, kowanne da irin muryarsa. 'Yan kamasho suna kwaroroto, wannan yana kiran Minna, wancan Kaduna, na can Suleja. Mai maganin gargajiya ya kafa lasifika a kan mota yana jera cututtukan da yake warkarwa, a gefensa mai tura waƙoƙi a waya ya ƙure tasa lasifikar. Injin niƙa yana ta kuka, mai walda yana buga ƙarfe, 'yan acaba suna kutsawa tsakanin masu doya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sauraren ɗan'uwansa. To, wannan gamayya ita ce abin da Bature yake nufi.

Yanzu sai tambayar ɗalibina ta dawo: mene ne wannan da Hausa? Amsata a yau ita ce, babu kalma ɗaya tilo da ta yi daidai da ita kamar murfi da tukunya, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga Hausa. Hausa ta yanka wannan fage ne ta wata hanya daban. Tana da sauti, wanda ya game duk abin da kunne ke ji. Tana da amo, irin na ganga ko ƙwarya idan an buga ta. Tana da ƙara, wadda ƙarfi ne abin lura a cikinta. Hayaniya kuwa ta fi karkata ga muryoyin mutane masu yawa a wuri ɗaya. Surutu yawan magana ne, ko da mutum ɗaya ne yake yi. Hargowa ta fi hayaniya zafi, akwai ɗaga murya da tashin hankali a cikinta. Kwaramniya takan zo da motsin kaya, kamar kwanuka sun zube a kicin. Rugugi na tsawa ne ko na manyan bindigogi daga nesa. Hatsaniya kuwa ta riga ta shiga sahun faɗa.

Ban da waɗannan, Hausa tana da wata taska da Ingilishi bai kai ta wadata a ciki ba, wato kalmomin da ke kwaikwayon sauti da kansu. Mota ta taka birki ƙiii. Buhu ya faɗi tim. Jama'a suka yi caa a kansa. Wannan caa ɗin ƙarama ce, amma ta ɗauki kusan duk abin da doguwar kalmar Girka ta ɗauka: bakuna da yawa, lokaci ɗaya, babu mai jiran wani.

Saboda haka abin da nake koya wa ɗalibaina yanzu shi ne su dubi jimla kafin su zaɓi kalma. Idan ana maganar tasha ko kasuwa, su ce wuri ya kaure da hayaniya. Idan makaɗa ne suka kasa haɗa hannu, su ce kiɗan ya hargitse, kowa na buga nasa. Idan jaridar Ingilishi ta yi amfani da kalmar a kan 'yan siyasa, kamar yadda suke yawan yi, ba sautin kunne take nufi ba, tana nufin ra'ayoyi masu karo da juna, a nan cece-kuce ta fi dacewa. Idan kuma dole sai an ba da ma'ana a taƙaice, kamar a jarrabawa, "sautuka masu karo da juna" ta wadatar. Ƙamus yana da amfani, kuma ina girmama aikin da aka yi mana tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai ƙamus yakan jera maka kalmomi ne, ba zai tsaya a kanka ya ce ga wadda ta dace da jimlarka ba.

Masana adabi ma suna da nasu amfani da kalmar. A wurinsu ba kullum take zama aibi ba. Marubuci yakan tara sautuka masu tauri da gangan don mai karatu ya ji wahalar abin a bakinsa. Gwada karanta wannan da ƙarfi: "Ƙatuwar tirela ta ƙwace, ƙarfe ya tokari ƙarfe, katako ya tsattsage." Sannan ka karanta wannan: "Iska na lilo da ganye a hankali, yara na wasa a inuwa." A ta farko harshe yana tuntuɓe a kan ƙ da ts da t, a ta biyu yana sulalewa a kan l da n da y. Kowace ta yi aikin da aka sa ta.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami a kanta ba. Abin da ya fi damuna shi ne rabin farko na kalmar, wato kakos, mummuna. Wa ya yanke hukuncin cewa sautin mummuna ne? Kunnen wa aka tambaya?

Ku ɗauki hawan salla a Suleja. Baƙon da bai taɓa gani ba, idan ya tsaya kusa da fada, zai ji kakaki da algaita da tambura da kalangu da bindigogin gargajiya duk a lokaci ɗaya, ya toshe kunne, ya ce wannan ai ita ce kalmar da muke magana a kai. Amma tsohon da ya tashi a garin ba abu ɗaya yake ji ba. Yana rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Ya san wannan busa ta sarki ce, wancan kiɗa na wane mai sarauta ne, ya san abin da kalangu yake faɗa, domin kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, magana yake yi ga wanda ya iya ji. Sautin da ya shiga kunnuwan mutanen nan biyu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne sani.

Haka abin yake da harsuna. Mutum idan ya ji harshen da bai iya ba, abu na farko da zuciyarsa ke raya masa shi ne ba magana ake yi ba, hayaniya ce. Wannan tsohuwar cuta ce, kuma ba wata al'umma da ta tsira daga gare ta. Girkawan da suka ba mu wannan kalma su ne suka kira duk wanda ba ya jin harshensu barbaros, domin a kunnensu maganarsa "bar-bar" ce kawai, daga nan Ingilishi ya sami kalmarsa ta mutumin da bai waye ba. Larabawa sun kira waɗanda ba Larabawa ba ajam, daga tushen da ke nufin rashin fayyace magana, kuma daga nan muka sami ajami, sunan rubutun Hausa da haruffan Larabci. Sunan da Rashawa suke kiran Bajamushe da shi ya fito ne daga kalmar da ke nufin bebe.

Mu Hausawa fa? Muna da tamu, kuma a nan Diko ba na iya faɗarta ba tare da na ji nauyi ba. Idan yaro ƙarami yana koyon magana ba a gane abin da yake cewa, sai a ce yana gwaranci. Idan mutum yana kwaɓa Hausa, sai a ce bagwari ne, ko da ba shi da alaƙa da wannan al'umma. Wasan nan na jera kalmomi masu harɗe harshe, sunan da aka fi saninsa da shi shi ne gagara-gwari. Duk waɗannan daga sunan mutane suka fito, mutanen da suke kiran kansu Gbagyi, su da 'yan'uwansu Gbari, waɗanda Diko da ƙauyukan da ke kewaye da ita ƙasarsu ce tun kafin sarakunan Haɓe na Zazzau su sauko kudu bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828. Garin nan shi ne ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunan Abuja, ya koma Suleja. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta yi aiki a cibiyar tukwane ta wannan gari, 'yar wannan al'umma ce.

Na ga abin da kalmar ke iya yi a cikin aji. Wata yarinya, mai ƙoƙari ƙwarai a rubutu, na sa ta karanta sakin layi. Ta zo kan kalmar ƙasa ta ce kasa, ta zo kan ɗaki ta ce daki. Kuskure ne da kusan kowane mai koyon Hausa yake yi. Wani yaro daga baya, wanda Hausa ce harshen gidansu, ya ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "An fara gwarancin." Aji ya fashe da dariya. Na tsawata masa, muka ci gaba, na ɗauka magana ta wuce. Ba ta wuce ba. Har ƙarshen zangon nan yarinyar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Idan na kira sunanta sai ta ce maƙogwaronta yana ciwo. Ɗalibin harshe da ya rufe baki kuwa ya daina koyo, domin ba a iya harshe da ido kaɗai.

Ra'ayina ke nan, kuma ina faɗarsa ne a matsayin malamin da Hausa ce sana'arsa kuma abin ƙaunarsa: ya kamata mu daina amfani da waɗannan kalmomi a aji da ma'anar rashin iya magana. Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a ɗakin malamai. Za a ce kalmar ta daɗe da rabuwa da asalinta, mai faɗarta ba ya tuna wata ƙabila, kamar yadda mai cewa ajami ba ya nufin zagin kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Tsohuwa a Katsina da ke yi wa jikanta dariya tana cewa yana gwaranci, mai yiwuwa ba ta taɓa haɗuwa da Bagbagyi ba, kuma babu mugunta a ranta. Amma ma'anar kalma ba a bakin mai faɗa kaɗai take ba, tana kunnen mai ji. A Diko mai jin yana zaune a benci na biyu, sunan kakanninsa ne aka mayar da shi sunan kuskure.

Za a kuma ce ai wasa ne, kuma ƙasar Hausa ta san wasa tsakanin al'ummu, kamar na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zagezagi. Haka ne, kuma al'ada ce mai kyau da ke kashe wutar gaba. Sai dai wannan wasa yana da sharaɗi: kowa yana da bakin ramawa. Yarinyar da ke tsaye gaban aji, tana fama da harshe na biyu ko na uku, malami yana riƙe da jan biro, ba ta da bakin ramawa. Wannan ba wasa ba ne a wurinta.

Ban ce a goge kalmomin daga ƙamus ba. Ku ɗalibai dole ku san su, za ku gamu da su a littattafai da a bakin mutane, wataƙila ma a takardar jarrabawa. Sanin kalma daban, zaɓen yin amfani da ita daban. Hausa ba ta rasa madadi ba. Ana iya cewa Hausarsa ba ta nuna ba tukuna, ko yana kan koyo. Idan maganar banza ake nufi, ga shirme, ga soki-burutsu. Wasan harɗe harshe kuwa wasu malamai suna kiransa karangiya, sunan ciyawar nan mai ƙaya da ke maƙale wa mutum a tufafi, kuma a ganina wannan suna ya ma fi bayyana abin.

Kada kuma a fahimce ni a baibai, a ce ina cewa babu mummunan sauti a duniya, duk rashin sabo ne. Akwai shi. Hayaniyar mararraba hayaniya ce ta gaske, ko ka iya duk harsunan da ake yi a cikinta. Masana lafiya sun nuna cewa daɗewa cikin ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85 yana lalata ji sannu a hankali, kuma tun 2009 Nijeriya take da ƙa'idojin hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, ko da yake mai lasifikar magani bai nuna alamar ya taɓa jin labarinsu ba. Mu masu koyar da harshe mun fi kowa shan wahalar wannan. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan ƙananan abubuwa. Gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin gaɓar ƙarshe ne ya bambanta su. Idan tirela tana oda a bayan taga, ta yaya ɗalibi zai kama wannan? Na sha tsayawa a tsakiyar jimla ina jira mota ta wuce. Don haka kalmar tana da gurbinta, a yi amfani da ita a kan oda da injin niƙa da lasifikokin da ke gasa da juna. Inda nake jan layi shi ne a ɗora ta, ko 'yar'uwarta ta Hausa, a kan harshen mutane.

Akwai ma wani abu da ɗalibai masu koyon Hausa ba su cika sani ba game da kansu. Gbagyi da Nufanci da Yarabanci da Ibo duk harsuna ne masu karin murya. Wanda ya tashi da ɗayansu ya zo aji da kunnen da aka riga aka horar, yana jin hawa da saukar da Bature mai koyon Hausa zai shekara yana lalube. Abin da ke ba ku wahala shi ne 'yan haruffan nan masu ƙugiya da tsawon wasali, kuma waɗannan ana samunsu da maimaici. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta so ɗan Nijeriya ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa. Wanda yake yin haka ƙari yake yi a kan abin da yake da shi. Hausawa da kansu suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to, wanda ya iya kukan gidansu ya kuma kama na maƙwabta, ban ga abin dariya a tare da shi ba.

A zangon da ya biyo baya na sake tsarin darasin furuci. Kafin mu shiga ƙ da ɗ da ɓ, na ce kowane ɗalibi ya kawo kalma ɗaya daga harshen gidansu wadda yake ganin za ta ba sauran wahala. Na fara da yarinyar nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, su faɗi sunanmu kawai. Gbagyi." Na juya ga yaron benci na baya. Ya ce Bagi. Ta girgiza kai. Ya ce Gwagi. Ta ce a'a, ta nuna masa cewa g da b tare ake sakinsu, leɓe da bayan harshe lokaci ɗaya. Hausa ba ta da wannan sauti, shi ya sa ma sunan Gbari ya zama Gwari a bakinmu. Ya gwada har sau shida bai samu ba. Ni ma na gwada, aji ya yi mini dariya, ita ma ta yi. Da muka koma kan kalmar ƙasa, ita ce ta fara ɗaga hannu, ta faɗe ta sau uku, a na ukun ƙ ɗin ta fito.